Tarihin Tsarin Rubutun Nazari: Daga Ajin Balaga Zuwa Kwalin Katuna

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibi a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san tambayar da ake fara yi masa: "Malam, kashi nawa zan yi?" Sau da yawa ɗalibin bai tattara misali ko goma ba, amma ya riga ya yanka aikinsa gida uku, kowane gida da ƴaƴa uku. Wannan maƙala tana bin sawun wannan ɗabi'a. Abin da muke son nunawa shi ne, abin da Faransanci ke kira *plan* yana da tarihi, kuma hanyoyi biyu ne daban suka cakuɗe mana a cikinsa: hanyar jarrabawa da hanyar bincike. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki, batun ya wuce gardamar malamai. Idan za a rubuta kundaye da Hausa, sai an san wane tsari za a ɗauko, kuma don me.

2. Hanyar jarrabawa

Malaman balaga na Rumawa, irin su Sisero da Kwintiliyan, sun raba aikin mai jawabi gida biyar. Na farko shi ne nemo abin faɗa, na biyu jera shi, sannan zaɓen kalmomi, da hardacewa, da gabatarwa gaban jama'a. A lura da jerin: nemowa ce ta riga jerawa. Wannan koyarwa ta ratsa makarantun Turai, musamman na ƴan Jezuwit waɗanda suka fitar da dokar karatunsu a 1599, har ajin ƙarshe na karatun adabi aka kira shi ajin balaga. Ɗalibi yana rubuta jawabi da Latin, yana sa shi a bakin wani sarki ko janar na da.

A ƙarni na 19 al'amarin ya juya. Victor Duruy ya maido da ajin falsafa a 1863. A 1880, zamanin Jules Ferry, aka cire jawabin Latin daga jarrabawar bakaloreya aka sa insha'in Faransanci a gurbinsa, kuma gyaran 1902 ya share sunan ajin balaga gaba ɗaya. Abin da ya gaje shi shi ne disertasiyo: a ba ɗalibi tambaya, a rufe shi a ɗaki ƴan awoyi, babu littafi, babu ƙamus, a ga yadda zai jera abin da ke kansa. A irin wannan hali tsari mai kashi uku, wato da'awa, da kishiyarta, da haɗin su biyu, kayan aiki ne mai kyau, don yana hana ɗalibi ɓacewa, kuma yana sauƙaƙa wa mai gyaran takarda ɗari biyu. Ana yawan jingina wannan uku ga Hegel, alhali Fichte ne ya yi amfani da kalmomin, kuma Chalybäus ne ya yaɗa su da sunan Hegel a 1837. Su kuwa malaman shari'a a Faransa kashi biyu suke so, kowane da ƴaƴa biyu, suna kuma riƙe da nasu da ƙarfin da masu uku ke riƙe da nasu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa al'adar tsangaya ce, hankalin ɗan Adam bai wajabta ta ba.

Ta hanyar lise wannan tsari ya iso mana. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971 ta kuma ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, ta karɓi ɗalibai da suka riga suka sha shi tun daga ajin bakaloreya.

3. Hanyar bincike

Ita wannan ba ta da ɗakin jarrabawa. Matsalarta yawan abu ne. A 1548 Conrad Gessner, masanin Zurik, ya bayyana yadda yake yanka takarda ƙanana-ƙanana da almakashi, kowace da magana guda, yana jujjuya su har su sami mazauni. A 1898 Langlois da Seignobos, a littafinsu na shiga nazarin tarihi, sun ja kunnen ɗalibai game da rubuta bayanai a jere cikin kaye ɗaya, suka ce a yi amfani da kati warwatse. Dalilin a fili yake: abin da aka ɗinke ba ya canza wuri, kati kuwa yana tashi daga wannan tari ya koma wancan ran da mai nazari ya gane ya yi kuskure. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa Bajamushe da ya rasu a 1998, ya bar kati kimanin 90,000.

Mu masu nazarin harshe wannan hanya gidanmu ce. Da irin waɗannan ƴan takardu James Murray ya gina ƙamusun Oxford, kuma manhajar da ƙungiyar SIL ta yi wa masu tattara kalmomi an raɗa mata suna Shoebox, wato kwalin takalma, don a irinsa magabata ke ajiye katunansu. Yau Zotero da makamantansa sun karɓi aikin kwalin, amma ƙa'idar tana nan: bayani guda, wuri guda, da asalinsa a rubuce. A wannan hanya tsari yana fitowa daga baya. Mutum ya tara, ya ware, sai ya ga tarin nan ya yi tudu, wancan ya rame, na uku kuma ashe biyu ne. Giredin aikatau bakwai da Parsons ya fitar a 1960 ba su damu da uku ba. Paul Newman kuma, da ya zo rubuta babban nahawunsa na Hausa na shekarar 2000, jera babobinsa ya yi bisa abacada, don littafin dubawa yake nufi.

Shekarun baya na duba wani kundi a kan jam'in suna a Hausar Adar. Misalan ɗalibin masu kyau ne ƙwarai, daga bakin mutane ya ɗauko su. Amma ya tilasta musu shiga kashi uku, sai kashi na biyu ya zama "kishiya" ga maganar da babu wanda ya musa, jam'i iri biyu da suka fi ban sha'awa kuma suka faɗa cikin ƙarin bayani a ƙarshen kundi, inda masu jarrabawa ba su cika leƙawa ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni na sa hannu a tsarin tun watan farko, kafin ya je ƙauye.

4. Abin da muka tarar a gida

Kuskure ne a zaci cewa tsara littafi baƙo ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin Nijar ta yau, marubuci ne mai tsananin tsari. *Ihya'us Sunna* babi 33 ne, kuma a babobin ibada da mu'amala tafiyar iri ɗaya ce: a kawo abin da sunna ta tanada, sannan a kawo abin da mutane suka ƙaga. *Bayanu Wujubil Hijra* na 1806 fasali 63 ne. A wannan al'ada marubuci yana buɗewa da dalilin rubutu da sunan littafi, sau da yawa ya zayyana babobinsa tun a muƙaddima, ya rufe da hatima. Babu adadin da aka tsarkake. Yawan mas'aloli ne ke yanke yawan babi. Akwai kuma abin da malamai ke kira mabadi'u goma, waɗanda ake bayyanawa kafin a shiga kowane fanni, daga cikinsu iyakar fannin, da abin da yake magana a kai, da amfaninsa. Wanda ya yi zaman zaure ya ji wannan kafin ya taɓa jin kalmar *problématique*.

Ba muna cewa a kwafi wannan tsari a kundin kimiyyar harshe ba. An gina shi ne don isar da hukunci tabbatacce da hujjar magabata, mu kuwa aikinmu gwaji ne wanda kan iya rushewa gobe. Abin da ya bar mana wanda ba mu amfana da shi sosai ba shi ne kalmomi: babi, fasali, mas'ala, muƙaddima, tanbihi, hatima, duk sun zauna a bakin Bahaushe tun kafin lakkol. Kalmar *problématique* ce har yanzu muke ja-in-ja a kanta a sashe. Wasu na cewa "matsalar bincike", amma "matsala" a kunnen Bahaushe damuwa ce, kuma ɗalibai kan cika shafin da koke-koken rashin kuɗin mota da rashin littattafai. Mun gwada "tambayar bincike" da ɗaliban masta na bana, muka kuma hana su kawo tsari kafin su kawo kati ɗari.