Sarkin Musulmi Bello da Ilmin Magani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ya san kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Wurno, garin da ya mai da shi ribaɗi, inda ya rasu cikin 1837. An fi tunawa da shi wajen yaƙi da mulki. Amma akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba, watau binciken magani.

Ko da ya hau gadon sarauta cikin 1817, bai ajiye alƙalami ba. Ya karanta littattafan likitocin Larabawa, ya tsamo abin da zai amfani jama'arsa, ya rubuta da Larabci. Ya yi littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basur, da wani kuma a kan amfanin filasko wajen wanke ciki.

Sa'ad da wani Bature, Kyaftin Kilafaton, ya zo Sakkwato cikin 1824, a cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Ashe duk da yawan saninsa, bai ɗauki neman magani wurin baƙo abin kunya ba.

To, yau ga cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da labarinta a Nijeriya cikin 1986, ga shaye-shayen ƙwayoyi, ga kuma lalurorin tsufa. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ko ya ƙi zuwa asibiti, ba tafarkin Bello ya bi ba. Allah ya ji ƙansa, amin.