Yadda Zamiyar Tsauni Ta Tashi Daga Hannun 'Yan Kasada Ta Koma Hannun Masu Horar Da Yara

A shekarar 1967 wani ɗan Suwizalan mai suna Sylvain Saudan ya ɗaura katakon zamiya a ƙafafunsa, ya gangaro a kan dusar ƙanƙara ta kwazazzabon Spencer da ke jikin tsaunin Aiguille de Blaitière, kusa da garin Chamonix na Faransa. Wuri ne da masu hawan dutse ke bi da igiya, kuma wanda ya faɗi a nan sai dai a ɗauko gawarsa. Ba alƙali, ba kyauta, hatta salon juyawar da ya sauko da shi shi ya ƙirƙiro abinsa. Faransawa irin su Patrick Vallençant da Jean-Marc Boivin suka bi sahunsa a shekarun 1970. A wancan zamani babu uban da zai kama hannun ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ya kai wa waɗannan mutane ya ce a koya masa.

Amurkawa ne suka mayar da abin gasa. A 1991 aka yi ta farko a Valdez da ke jihar Alaska, Doug Coombs ya ci ɓangaren maza, Kim Reichhelm ta ci na mata. Bayan shekara biyar, a 1996, Shane McConkey ya kafa ƙungiyar IFSA domin 'yan wasa su sami bakin magana kan dokoki da alƙalanci. A shekarar ce kuma Nicolas Hale-Woods da abokinsa suka shirya gasar Xtreme Verbier a tsaunin Bec des Rosses na Suwizalan, mai tsayin sama da mita 3,200. Masu allo ɗaya kaɗai aka fara da su, sai a 2004 aka buɗe wa masu katako biyu ƙofa. Daga wannan gasa aka haifi jerin gasannin Freeride World Tour a 2008.

Coombs da McConkey duk daga tseren gargajiya suka fito, inda ake kafa sanduna a kan turbar da injin ya daidaita, agogo ya raba gardama. Yaron da ke son zamiya a da nan ake kai shi, in ya gaji da bin sanduna ya sulale bayan gari ya koyi sauran da kansa. Abin da ya sauya wannan shi ne shigar yara gasa. IFSA ta ware musu rukuni bisa shekaru a Amurka da Kanada, Turai ma ta buɗe tata gasar matasa, har aka kai ga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara goma sha tara, wadda Grandvalira ta Andora da Kappl ta Ostiriya suka sha karɓar baƙuncinta. Da gasa ta samu, sai kulob-kulob suka tsiro a wurare irin su Whistler da Jackson Hole da Verbier, iyaye kuma suka fara neman koci.

To me kocin zai koyar, tunda ba agogo ba sanduna? Alƙalai suna duba hanyar da ɗan wasa ya zaɓa, da yadda ya mallaki kansa, da ko ya sauko ba tare da tsaye-tsaye ba, da ƙwarewar juyawa, da kyan tsalle. Kusan duk wannan tun kafin a tashi ake yanke shi. A Turai ba a barin ɗan gasa ya taka fagen kafin lokacinsa. Daga tsallake zai tsaya da madubin hangen nesa da hoto a hannu, ya haddace cewa bayan dutsen nan mai tsini zai karkata hagu, a ƙasan bishiyar can akwai wurin dira. In ya hau sama komai ya juye masa, damansa ta koma hagu, dutsen da ya gani ƙato daga ƙasa ya ɓace a bayan tudu. A gasannin yara na Amurka ta Arewa kuwa an saba barin su su bi ta fagen a hankali su duba. A ganina tsarin Amurka ya fi dacewa da ƙananan yara, amma yaron da bai taɓa karanta tsauni daga nesa ba zai sha wuya ranar da ya isa tsaunukan Alps na Turai.

Sai maganar zaftarewar dusar ƙanƙara. Hular kwano da garkuwar baya dole ne, a gasannin Turai kuma har da na'urar gano wanda dusa ta binne, da shebur, da sandar lalube. Koci kan binne jaka da na'ura a ciki, ya sa yara su nemo yana duba agogo, domin mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti goma sha biyar na farko suna rayuwa, bayan nan kuma lissafi ya lalace da sauri. Haɗarin tsauni ba tsoratarwa ba ne kawai. Coombs ya mutu a La Grave a 2006, McConkey a Italiya a 2009, Estelle Balet kuma dusa ta zaftaro mata a Afrilun 2016 tana da shekara 21, makonni kaɗan bayan ta sake cin kambun duniya. Babu ɗayansu da ya mutu a fagen gasa, inda ake tantance dusa kafin a fara. Shi ya sa koci nagari ya fi ɓata lokaci wajen koya wa yaro ya kalli hanya ya ce yau ba zan bi ba, duk da cewa abokansa na riƙe da waya suna jiran bidiyo.

A ƙarshen 2022 hukumar FIS, mai kula da wasannin zamiya ta duniya, ta sayi Freeride World Tour, kuma masu shirya gasar ba su ɓoye cewa Olamfik suke hange ba. Hakan na iya jawo kuɗi da takardar shaidar horarwa da tallafin ƙungiyoyin ƙasa. Zai kuma sa a riƙa auna koci da yawan lambobin da yaransa suka kwaso, kuma wasu tsofaffin 'yan wasa sun nuna rashin jin daɗinsu tun ranar da aka sanar da cinikin.