Shin Da Gaske Abincin Turawan Ingila Lami Ne?

Kwanakin baya muna zaune a Haɗejiya da wani abokina da ya dawo daga karatu a Ingila, aka kawo mana farfesun tarwaɗa yana ta tururi. Ya kurɓi romo, ya share gumi, sai ya ce wallahi shekara uku rabon da harshensa ya san yana duniya. Wai can sai dai a dafa dankali da kabeji a ruwan zafi a ajiye maka, lami, ba yaji ba daddawa. Aka yi ta dariya. To amma da na koma gida sai na ce bari in bi sawun wannan magana a tarihi, domin kuwa ba yau aka fara yin ta ba.

Mu dai a nan, mun san abincin Bature ne bayan yaƙin 1906, wanda Sarkin Haɗejiya Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Da Turawa suka zauna a bariki sai suka ɗauki kuku da boyi daga cikin mutanenmu, kuma daga bakin waɗannan ne labari ya shiga gari cewa Bature na cin abincin gwangwani da dafaffen ganye ba miya. Ga wanda ya tashi da miyar kuka da bandar kifi, ai dole ya ga abin kamar na marar lafiya.

Sai dai abin mamaki, kakannin wannan Bature mayun kayan yaji ne. Akwai wani littafin girki mai suna The Forme of Cury da masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci suka tsara wajen shekarar 1390, cike yake da citta da kanumfari da kirfa da masoro. Har citta mai 'ya'ya, wadda ake samu a nan Afirka ta Yamma, sai da ta ƙetara Sahara a bayan raƙuma ta isa tukunyar masu kuɗin Turai. Haka kuma neman kayan yaji na daga cikin manyan dalilan kafa Kamfanin Gabashin Indiya a 1600, kamfanin da daga baya ya mallake Indiya.

To me ya faru? Abubuwa uku ne. Na farko, da kayan yaji suka yi araha har talaka ya iya saye, sai manya suka daina alfahari da su. Daga tsakiyar ƙarni na 17 suka koma kwaikwayon girkin Faransa, inda man shanu da romon nama suka maye gurbin yaji. Na biyu, da masana'antu suka bunƙasa, jama'a suka bar ƙauyuka suka cika birane irin su Manchester. Ma'aikacin da ke wuni a masaƙa ba shi da gona, ba shi da lokacin girki, sai burodi da shayi da abin da ya samu. Na uku shi ne yaƙi. Daga 1940 har zuwa 1954 da kati ake sayen abinci a Ingila, an ƙayyade wa kowa sukari da man shanu da nama. Shekara goma sha huɗu ke nan, wato yaro ya tashi har ya balaga bai san wadatar tukunya ba. A wannan zamani gyaɗar ƙasarmu da ake lodawa a jirgin ƙasa a Malam Madori tana cikin abin da ke rufa musu asiri wajen man girki.

Saboda haka zargin yana da tushe, amma lamin na wani zamani ne, ba halitta ba ce. Tun 1810 wani mutumin Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan. A 2001 kuwa ministan harkokin wajensu, Robin Cook, ya kira kazar nan mai yaji, chicken tikka masala, abincin ƙasarsu. Ko kori da matanmu ke barbaɗawa a dafa-duka, ta hannun Turawan Ingila ya zo mana.

Yanzu kuma bari mu taka namu tudun, tunda an ce laifi tudu ne. Attaruhu da tattasai da tumatir da ake nomawa a fadamun Haɗejiya, waɗanda muke tinƙaho da su, asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Kafin nan ɗanɗanon miyar kakanninmu daga daddawa da kimba da masoro da citta yake fitowa. Yau fa? Gidaje da yawa sun ajiye daddawa, wai tana wari, sun rungumi Maggi, wanda shi ma ƙirƙirar Bature ce daga ƙasar Suwizalan. Kogin da ke ba mu kifi kuma ya canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta na kuka.

Abin da ya raba Ingila da girkin kakanninta, wato raina na gida da barin ƙauye da ƙuncin rayuwa, duk ga su a ƙofar gidanmu. Kafin mu yi wa Bature dariya, ya kamata kowace uwa ta duba ko 'yarta ta iya kaɗa miyar kuka da daddawa ba tare da ɗunƙule ba. In ba haka ba, wata rana jikokinmu ne za a yi wa wannan gori.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.