Kandida: Yadda ake auna sinadaran da take ɓarna da su a jiki

Kandida wani nau'in yis ne da ke zaune a baki da hanji da al'aurar lafiyayyen mutum ba tare da cutarwa ba. Takan zama cuta idan garkuwar jiki ta raunana, kamar ga mai ciwon sukari ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko bayan yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ita ce ke haddasa farin dabbare a harshen jarirai da wani kaso na ciwon sanyin mata.

Makaminta shi ne sinadaran inzayim da take tsartarwa: wasu na narka furotin, wasu na fasa kitsen bangon ƙwayoyin halitta.

Ƙwayar na rayuwa iri biyu. Ko dai ta watsu ɗai-ɗai cikin ruwa, ko ta taru ta manne wa robar fitsari ko haƙoran roba, ta lulluɓe kanta da yauƙi kamar yanar da ke hawa kan kunu. Wannan yana ita ake kira bayofim.

A ɗakin gwaji, ana shuka ƙwayar a faranti mai ƙwaiduwar ƙwai don auna mai fasa kitse, ko mai furotin ɗin jinin shanu don auna mai narka furotin. Bayan kwanaki sai zobe ya bayyana kewaye da ita. Ana raba faɗin ƙwayar da faɗinta haɗe da zoben. Idan aka samu 1, babu sinadarin. Gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon ƙarfinsa. Wasu nazarce-nazarce sun gano cewa bayofim ya fi watsattsiyar ƙwaya fitar da mai narka furotin. Haka kuma ya fi ta jure maganin fluconazole nesa ba kusa ba.

Shi ya sa likitoci ke cire robar ko sauya ta, maimakon dogaro da magani kaɗai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Candida albicans da Candida auris, wadda aka gano a Japan a 2009, cikin rukuni mafi haɗari.

Ga mazauna Tambuwal da Kebbe, babbar cibiyar da ake tura masu tsananin jinya ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ciwon da ke dawowa bayan maganin kemis gwaji yake buƙata.