Ganuwa da Mai Tsaron Ƙofa

Tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ta 1100, aka fara gina ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta. Amma mutanen dā sun san ƙarfin gari ba a tsawon ganuwa kaɗai yake ba, don haka suka naɗa wa kowace ƙofa Sarkin Ƙofa, mai rufe ta da dare, mai binciken baƙo. Ko ran 3 ga Fabrairu, 1903, da Kanar Molan ya zo da igwa, ganuwar ba ta faɗi ba. Ta Ƙofar Kabuga sojansa suka shiga.

Da aka kafa masana'antu a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, sai kowace ma'aikata ta yi katanga, ta ajiye maigadi. Yanzu kuwa lissafin kuɗi da albashin ma'aikata sun koma cikin kwamfuta, aka sa musu wani maigadi na daban, watau manhajar tsaro, mai tare ɓarayin intanet.

To, akwai wata dabara da ake yaudarar wannan maigadi da ita, masana suna kiranta XSS. Ɓarawo yakan ɓoye umurni cikin rubutu, ya aika wa shafin ma'aikata. Idan shafin bai bincika ba, sai ya miƙa rubutun ga akawu kamar nasa ne. Kwamfutar akawu kuwa ta amince da shafin, sai ta bi umurnin, ta ba da asirin gida. Misalinsa kamar wasiƙar jabu ce da aka buga wa hatimin sarki.

A watan Fabrairu, 2000, cibiyar CERT ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta gargaɗi duniya a kan wannan. Ba a ji ba sosai. A watan Oktoba, 2005, wani saurayi, Samy Kamkar, ya saka irin wannan umurni a MySpace, kafin awa 20 ya kama shafukan mutum fiye da miliyan ɗaya. Abin mamaki, har masu ƙera manhajar tsaro ba su tsira ba. A watan Mayu, 2025, kamfanin Palo Alto Networks ya sanar cewa an sami wannan aibi a GlobalProtect, watau ƙofar da ma'aikata ke bi su shiga kwamfutocin wurin aikinsu daga nesa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ɓarawo ba ya jiran tsaga, maigadi ne ke buɗe masa. Saboda haka wajibi ne mai ma'aikata ya riƙa sabunta manhajarsa da zarar masu ita sun fitar da gyara, ya kuma hori akawunansa kada su latsa kowace mahaɗa da aka aiko musu sai sun tabbatar da wanda ya aiko ta.