Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia

Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yana garin Umuahia, babban birnin Jihar Abiya. A nan ƙasar, shi ne fitaccen misali na yadda ake mayar da ginin da aka yi domin yaƙi ya koma wurin tunawa da ilmantar da jama'a.

Asalin wurin yana komawa ne ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bayan da sojojin tarayya suka kama Enugu a watan Oktoba na 1967, shugabannin Biyafara suka mayar da hedkwatarsu Umuahia. Saboda hare-haren jiragen sama, sai suka haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa suka ƙarfafa su da kankare. A ɗaya daga ciki aka ɓoye na'urorin gidan rediyon Muryar Biyafara. Ɗayan kuma, mai zurfin kimanin mita 8, shi ne mafakar jagoransu Odumegwu Ojukwu, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. Umuahia ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Afrilu na 1969, yaƙin kuma ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970.

Da an ga dama, da an cike waɗannan ramuka an manta da su. Ba a yi haka ba. A 1985 Manjo Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da aikin gidan tarihin a harabar tsohon gidan rediyon, aka buɗe shi a 1989, mafakar Ojukwu kuma ta zama reshensa. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da su.

A ciki akwai zauren makaman gargajiya, irin su kwari da baka da masu, da zauren tarihin rundunonin soja, da na yaƙin basasa. A fili kuma an jera jiragen sama, da motocin sulke, da jirgin ruwan soja mai suna NNS Bonny, da bam ɗin nan ƙirar gida da ake kira Ogbunigwe. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda aka ajiye makaman ɓangarorin biyu wuri guda, ba tare da an mayar da gidan dandalin kirari ga wanda ya yi nasara ba. Akwai gidaje da yawa a karkararmu da suka rasa uba ko ɗan'uwa a wannan yaƙi, don haka tarihin da ke can namu ne mu ma.

Sai dai adana irin wannan wuri aiki ne mai tsada. Ƙarfen da ke fili yana tsatsa saboda yawan ruwan sama na yankin, ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa sai da fitila da hanyar iska kafin baƙi su shiga.

Muna tunatar da hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi cewa doka ta hana rushewa ko lalata duk wurin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Wanda ya ci karo da tsohon ginin soja ko ganuwa a yankinsa, ya sanar da ofishin hukumar mafi kusa. Idan kuwa tsohon harsashi ne ko bam, kada kowa ya taɓa shi, a kira 'yan sanda nan take.