Daddawa: Yadda Ake Yin Ta da Yadda Ake Kiyaye Ta

Daddawa kayan miya ce da ake yi da kalwa, wato ƙwayar 'ya'yan ɗorawa. Yarabawa suna kiranta iru, a ƙasar Mali kuma sumbala. Akwai kuma daddawar batso wadda ake yi da irin yakuwa, da ta waken suya. Kimanin kashi 1 cikin 3 na busasshiyar daddawa sinadarin gina jiki ne, saboda haka takan cike gurbin nama a miyar kuka ko kuɓewa a gidajen da nama ke wuyar samu.

Yadda ake yin ta

Ana dafa kalwa na tsawon awa 12 zuwa 24 har ɓawonta ya yi laushi. Daga nan sai a surfa ta a turmi da toka ko yashi, a wanke, a rege, a sake dafawa kamar awa 1 zuwa 2. Bayan an tsane ruwan, sai a zuba ta da ɗuminta a ƙwarya ko kwando, a lulluɓe da ganye da buhu, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana 2 zuwa 3.

A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, su ne ke narka ƙwayar, ta yi laushi da yauƙi, warinta ya tashi. Wannan ruɓa ce mai amfani, domin ita ke sa ciki ya iya sarrafa kalwa. Idan ta yi, sai a kirɓa, a cura, a shanya a rana.

Abubuwan kiyayewa

Ɗumin da ke raya ƙwayoyi masu amfani shi ne kuma ke raya masu cutarwa. Don haka wajibi ne a yi aiki da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da mazubi, kuma kada a lulluɓe ta da buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari. A shanya ta a kan tabarma a bisa, nesa da kaji da ƙura, har ta bushe sarai. Wadda ta yi fumfuna a zubar da ita, domin dafuwa ba ta kashe gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari.

Kare itacen ɗorawa

Ɗorawa tana shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma sau ɗaya take bayarwa a shekara, da bazara. Duk wadda aka sare don itace ko gawayi, an yanke wa matan karkara hanyar samun kuɗi. Ana kira ga dagatai, masu unguwanni da malaman gona na ƙananan hukumomi da su hana saran ta, su kuma ƙarfafa wa manoma gwiwar barin ƙananan da suka tsiro a gonaki.